Yawon Yini Ɗaya a Cikin Birnin Kano da Mota da Ɗan Rakiya: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mana

Assalamu alaikum. Tambayoyin nan kusan kullum su ake maimaita mana a waya, wani ma sai ƙarfe sha ɗayan dare zai kira ya ce shi dai yana so ya ji ko ana hawa Dutsen Dala da takalmi, shi ya sa muka ce bari mu tattara su wuri ɗaya kowa ya duba kafin ya kira. Wanda bai ga tasa ba sai ya tambaya, ba laifi.

Wai meye bambancin naku da in ɗauki shatar adaidaita in zaga da kaina?

Toh gaskiya in kai ɗan gari ne ko kana da ɗan uwa a cikin birni da zai bar aikinsa ya bi ka, ba ka buƙatarmu, ka riƙe kuɗinka. Mu aikinmu na baƙo ne, ko kuma ɗan Kanon da aka haifa a Hotoro ko Nasarawa ko Sharaɗa wanda har ya yi aure bai taɓa taka Kasuwar Kurmi ba, kuma wallahi suna da yawa.

Abin da muke bayarwa mota ce da direba, da ɗan rakiya wanda ya san cikin gari, kuma ku kaɗai ne, ba ma haɗa ku da wasu baƙin. In kai ɗaya ne kai ɗaya, in iyali ne iyali. Amma mu faɗa maka tun yanzu, motar ba ita ce abin ba. Cikin birni ba a ganinsa ta gilashin mota, lungunan Kurmi da Jakara da Alfindiki wasu ko adaidaita ba ta shiga, mota iyakacinta ta kai ka bakin titi ta yi fakin ta jira. Sauran ƙafa ce, da kuma mutumin da in ya yi sallama a bakin karofi ko zauren dukawa za a ce a'a wane kai ne, shigo da baƙin naka. Wannan sallamar ita kake biya.

Daga ina kuke ɗaukar mutum?

In kana cikin Kano, daga masaukinka ko otal ko filin jirgin Malam Aminu Kano. In kana wajen Kano muna zuwa Zariya, Kaduna, Katsina da Dutse. Zariya kusan kilomita 150 ce, ka bi ta Kwanar Ɗangora da Kura ka shigo ta Na'ibawa, Kaduna ta haura 200 saboda haka sai an yi asubanci, ana sallame sallar asuba a kama hanya. Na Katsina ta Tsanyawa da Bichi za ku shigo, na Dutse kuma ta Wudil.

Abuja fa? Ba za a iya zuwa a dawo a rana ɗaya ba?

Da mota a'a, kuma ko ka ce za ka ninka kuɗin ba za mu yi ba. Tafiyar ta haura kilomita 400, zuwa kaɗai ya cinye rabin yini, sannan ka sa direba ya juyo da kai cikin dare? Ba ma tafiyar dare a babbar hanya, wannan ƙa'ida ce. Ka hau jirgin safe mu ɗauke ka a filin jirgi, ko ka zo ka kwana. Haka 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram, ku shigo ku kwana a Kano ko Katsina tukuna, don harkar boda ba ta da agogo.

Waɗanne wurare ake zuwa?

Wanda aka saba shi ne Dutsen Dala da sassafe, sai Kasuwar Kurmi, sai Gidan Makama da ƙofar fada da babban masallacin Juma'a tunda duk kusa suke da juna, a yi azahar a ci abinci, sannan karofin Ƙofar Mata, in lokaci ya rage a leƙa Gidan Ɗan Hausa ko a bi gefen badala a ga ƙofofi. Wurare shida zuwa bakwai kenan kuma ko su ɗin sai an yi da gaske. Akwai masu turo mana jerin wurare goma sha biyar har da Tiga da Rano da Minjibir, su ce duk yau. Alhaji wannan ai ba yawo ba ne, tsere ne, za ka koma gida da hotuna amma in an tambaye ka me ka gani sai ka hau inda-inda.

Me ya sa kuke nacewa a fara da Dala?

Saboda rana da kuma saboda daga can ake gane garin. In ka hau da ƙarfe bakwai ko takwas iska na kaɗawa, ɗan rakiya zai nuna maka ga Goron Dutse can, ga koren ƙubbar masallaci, ga inda fada take, ga ta inda ganuwa ta bi, to duk inda kuka je daga baya kana da taswirarsa a kai. In ka bari sai sha biyu, matakalar nan ɗari da 'yan kai za ta zame maka dubu.

Kuma nan ne asalin garin. Tun kafin Bagauda, wanda tarihi ya sa farkon sarautarsa a shekarar 999, akwai mutane a gindin dutsen suna narka tama suna ƙira. Labarin Barbushe da Tsumburbura da kowane ɗan makaranta ya sani, a nan aka ce ya faru, shi kaɗai yake shiga wurin tsafin ya fito ya faɗa wa mutane abin da zai auku a shekara. Wasu iyayen ba sa so a ba yaransu wannan ɓangaren, in haka ne a faɗa mana tun a mota, wasu kuma shi suka zo ji. Mu dai labarin da aka gada muke bayarwa, ba wa'azi ba kuma ba talla ba.

Ganuwar tana nan kuwa? Na ji an ce duk ta rushe.

Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya sosai ba. An fara gina ta zamanin Sarki Gijimasu wajen 1095 zuwa 1134, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗawa, har da Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarauta 1463 zuwa 1499. Yau wani wurin tudun jar ƙasa ne kawai za ka gani, wani wurin an yanka an yi shaguna ko gidaje, wani an kwashe ƙasar an yi gini da ita. Abin da ciwo gaskiya, kuma ba ma ɓoye wa baƙo, gara ka gani da idonka.

Ƙofofin dai sunayensu na nan kuma ana wucewa ta cikinsu kullum: Nasarawa, Ƙofar Mata, Wambai, Mazugal, Ƙofar Ruwa, Waika, Kansakali, Kabuga, Dukawuya, Gadon Ƙaya, Famfo, Na'isa, Ɗan Agundi, Sabuwar Ƙofa da sauransu. Sai dai da yawa ginin siminti ne na zamani aka yi don titi ya samu hanya, Ƙofar Na'isa ma a 2010 aka rushe tsohuwar aka sake wata. In kana so ka ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin na ƙarfe, Gidan Makama za ka gan su. Ta ɓangaren Kabuga kuma Turawa suka shigo a Fabrairun 1903, lokacin Sarki Alu ba ya gari ya tafi Sakkwato, daga baya aka kama shi aka kai shi Lakwaja inda ya rasu.

Za a shigar da mu cikin gidan sarki?

Wannan ita ce tambayar da ta fi jawo mana rigima, don haka a karanta da kyau. Gidan Rumfa, wato gidan sarki, ba gidan tarihi ba ne da ake yankar tikiti, gida ne da ake zaune a ciki, fada ce mai aiki. Abin da muke iya yi maka alkawari shi ne za ka tsaya a Ƙofar Kudu ka ga ginin, ka ga dogarai da jan kaya da kore, a ba ka labarin gidan. Shiga ciki sai da izini, ana nema tun da wuri, ana iya bayarwa ana iya hanawa, kuma ana iya bayarwa ranar ta zo wani abu ya taso a ce ba yau ba. Duk wanda ya karɓi kuɗinka ya ce tabbas zai kai ka gaban sarki, ka riƙe aljihunka.

In Allah ya sa aka samu shiga, a cire takalmi inda aka ce a cire, kar a ɗaga waya sai an tambaya, kuma in bafade ya ce a tsaya nan to a tsaya nan.

Gidan Makama shi ne ake shiga ba wata matsala, yana ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, kuma nan Rumfa ya zauna kafin ya hau sarauta. Ni a ganina ginin kansa ya fi kayan da ke ciki, ka ɗaga kai ka dubi daurin guga da azara, ka ji sanyin ɗakin alhali waje ana narkewa, sai ka fara tambayar kanka me ya kai mu bulo da kwano.

Ni rini na fi so in gani, awa nawa ake yi a Ƙofar Mata?

Ka yi dace, nan ne mu ma muka fi son kai mutum. Karofin nan ana lissafa kafuwarsa daga 1498, ramuka ne sama da ɗari amma kaɗan ne ke aiki yanzu, sauran sun bushe wasu shara ta cike su. Ruwa ake zubawa a ramin da baba da toka da katsi a bar shi ya yi makonni yana tsima, sannan marini ya zauna a baki yana tsoma zane yana ɗagowa. Abin da ke ba yara mamaki shi ne zanen kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska yake komawa shuɗi a gaban idonka, shi ya sa ba a barinsa a ciki kawai, tsomawa ake ana fitarwa, mai haske ɗan lokaci, mai duhu sosai kuma awanni.

Ɗaurin zanen yawanci mata ne ke yi a cikin gida, kowane da sunansa, akwai fadar sarki, akwai amarya da ango, akwai wata da tauraro. Daga nan sai a leƙa wurin masu bugu, inda ake ɗora shadda a kan gungume ana dukanta da manyan sanduna har ta yi ƙyalli, kuma dukan da sautinsa yake kamar kiɗa. Minti arba'in ya ishi mai sauri. Wanda ke so ya tsoma da hannunsa ya ba shi awa ɗaya da rabi, ya kuma sani farcensa zai kwana biyu da shuɗi, kar amarya ta zo ta ce ba mu faɗa ba.

Roƙonmu ɗaya: ka sayi wani abu ko ɗan ƙarami ne, ko ka ba marinin na goro. Mutum yana zaune a rana tun safe, ka ɗauki hotonsa ashirin ka ce na gode ka wuce, ba tsari ba ne.

A Kurmi ba za a tsuga min kuɗi ba don an ga baƙo? Kuma ku ba ku da kamasho?

Za a faɗa maka farashin farko mai tsada, wannan ai kasuwa ce, ko ɗan gari haka ake masa, sai ka taya a ce albarka ka ƙara har a sallama. Ɗan rakiyarmu zai raɗa maka in kuɗin ya wuce hankali amma ba zai yi maka cinikin ba sai ka ce ya yi. Maganar kamasho kuma mun hana, don mun taɓa samun wani yaro da muka ɗauka yana kai baƙi rumfa ɗaya kullum ashe ana ba shi nasa, wata Hajiya ce ta gane da ta ga irin jakar a rumfar gaba da rabin kuɗin, mun biya ta bambancin kuma daga ranar muka rabu da shi. In ka ga ana ja ka wata rumfa da ƙarfi ka faɗa mana.

Kasuwar tun zamanin Rumfa take, nan ayarin fatake daga Tarabulus da Gadamas da Agadas da Gwanja suke sauke kaya, kuma unguwannin da ke kewaye har yanzu sunansu na faɗin waye ya zauna a nan: Dandalin Turawa na Larabawa, Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi ta Yarbawa, Agadasawa. Abin saye kuwa akwai kayan fata, kayan doki irin su sirdi da linzami da likkafa, huluna, ƙwarya, tasoshin tagulla, turare, kayan ƙanshi na girki. Atamfa da shadda ta dila ba Kurmi ba ce, Kantin Kwari ce, kuma in ka shiga Kwari yinin ya tafi, sai dai a ware mata rana daban.

Abinci yana cikin kuɗin?

Ruwan sha mai sanyi yana cikin mota. Abincin rana kai za ka zaɓa ka biya, mu kai ka. Mai son na gargajiya akwai gurasa bandashe ta wajen Jakara, ɗanwake, waina da miya, fura da nono, in za a tafi a tsaya Agadasawa a sayi kilishi na tsaraba. Mai lallausan ciki kar ya yi jarumta, a faɗa mana mu kai shi gidan abinci.

Wace rana ce ta fi, kuma wane wata?

Litinin zuwa Alhamis. Juma'a daga sha biyu zuwa wajen uku kewayen masallaci da fada a cike yake, mota ba ta motsi, sai dai in dama sallar kake so ka yi a nan, wanda shi ma abin gani ne. Asabar ɗin ƙarshen wata kuma ana tsaftar muhalli, ba zirga-zirga daga bakwai zuwa goma na safe, to Dala da sassafe ta faɗi kenan.

Wata kuwa Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi daɗin tafiyar ƙafa, illa dai hazo kan rufe gari ka hau Dala ba ka ga nesa ba, mai asma ya zo da takunkumi da maganinsa. Maris zuwa Mayu zafi yana kai digiri 40, muna tsara yawon safe da yamma a huta tsakiya. Agusta ruwa ne, lungunan Kurmi caɓi, a zo da takalmin da ba a jin tausayinsa. Da azumi muna yin rabin yini ne kawai.

Muna so mu ga hawan sallah, kuna shiryawa?

Muna yi amma wannan tsari ne daban ba irin na kullum ba. Akwai hawan ranar sallah, washegari Hawan Daushe wanda shi baƙi suka fi so saboda jafi a Ƙofar Kudu, sai Hawan Nasarawa, sannan Hawan Ɗorayi a ƙaramar sallah ko Fanisau a babba. Hukumar UNESCO ma ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a ƙarshen 2024. Sai dai a shekarun nan an sha dakatar da hawan saboda dalilin tsaro, wani lokacin ana saura kwana ɗaya ko biyu, saboda haka kar ka sayi tikitin jirgin da ba a mayar da kuɗinsa don hawa kawai. In an dakatar mukan mayar da kuɗin kafin alƙalami ko a juya shi yawon gari.

Mata zalla za mu zo, akwai matsala? Wace shiga za mu yi?

Babu matsala Hajiya, muna da 'yar rakiya mace in an nema da wuri. Shiga dai irin ta mutunci da aka sani, mayafi ko hijabi, da takalmi mara tsini saboda Dala da kwatocin lungu. In kuna tare da baƙin da ba Musulmi ba ko 'yan ƙasar waje, a gaya musu tun daga gida: dogon kaya, ɗan gyale ga mata, maza ban da gajeren wando, masallaci kuma daga waje za su kalla. Hoton mutane, musamman matan aure da 'yan mata masu talla, sai an nemi izini.

Da tsohuwa za mu zo da yara ƙanana.

Yara daga shekara shida suna jin daɗinsa sosai, su ke riga kowa kaiwa saman Dala. Tsofaffi kuma mukan bar su a mota da esi ko a gindin dutsen a inuwa, a rage musu Kurmi, a ƙara musu Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa inda akwai wurin zama. Gidan Ɗan Hausa ɗin a Nasarawa yake wajen ganuwa, nan Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909, kuma tsofaffin malaman makaranta in suka shiga ba sa son fita. Keken guragu gaskiya ba ya shiga Kurmi kuma ba ya hawa Dala, sauran wuraren ana lallaɓawa.

Akwai yawon malamai da waliyyai?

Akwai, sai dai a faɗa tun farko don ɗan rakiyar daban ne. Ana zuwa Madabo inda ake danganta zuwan Wangarawa zamanin Sarki Yaji, da Sharifai inda zuriyar Shehu Magili suke, malamin da ya zo Kano zamanin Rumfa ya rubuta masa nasiha kan mulki. Irin wannan yawon ba a gaggawa, don in kun shiga zaure sai an gaisa an yi addu'a.

Nawa ne kuɗin, kuma yaya ake biya?

Ba mu rubuta farashi ba saboda kuɗin mai ba ya zama wuri ɗaya, abin da muka faɗa wannan watan wata mai zuwa ya zama asara. Lissafin ya danganta da inda za a ɗauke ku, ku nawa ne, ƙaramar mota ko bas, rabin yini ko cikakke. Abin da ke ciki: mota, mai, direba, ɗan rakiya, ruwa, da kuɗin shiga gidajen tarihi. Abin da ba ya ciki: abinci, sayayya, da ihsanin da za ka yi wa marina ko masu bugu. Ana ba da rabi ta taransifa a riƙe ranar, rabi bayan an dawo da ku. Ka riƙo tsabar kuɗi 'yan canji, cikin Kurmi wani lokacin sabis yana ɗaukewa ka tsaya kana jiran alat mai kaya yana kallonka.

In na fasa fa?

Kwana biyu kafin ranar, kuɗinka gaba ɗaya. Ana gobe, rabi, don mun riga mun hana wani motar. In rasuwa ce ko rashin lafiya, Allah ya kiyaye, kira kawai za ka yi mu ɗaga ranar. In daga wajenmu ne, mota ta lalace ko hanya ba lafiya muka ce ba za a fita ba, naka ya dawo cif.

Ƙarfe nawa ake dawowa?

Na cikin Kano kafin magariba kuna masauki. Na Zariya da Dutse mukan bar gari da la'asar sakaliya, na Kaduna da Katsina ƙarfe uku zuwa uku da rabi dole a kama hanya ko an gama ko ba a gama ba, kuma direba yana da izinin ya ce a tashi ko da Hajiya na tsakiyar cinikin turare. Gosulon Na'ibawa da na Ƙofar Ruwa da yamma shi kaɗai yana iya cin rabin awa, a sa shi a lissafi.